Rabin Littattafan Baba

Litinin, da hantsi

Ina zaune a kan kujerar Baba, a ɗakin karatunsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Da yana nan, ko bakin ƙofa ban isa in wuce ba sai ya ce, “Auta, shigo, amma kar ki taɓa komai.” Yau ga ni har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Kofin shayinsa na ranar da ya faɗi yana kan tebur, ya bushe. Ban wanke ba. Na ɗauki tabarau ɗinsa daga ƙasa na sa a jaka, zan kai masa asibiti.

Likita ya ce Baba da hawan bene sun yi sallama. Gidan nan kuwa hawa na uku ne, kuma na jami'a ne. Tun da ya yi ritaya suke ɗaga masa ƙafa, yanzu ofishin gidaje sun ce ƙarshen wata suke son makullinsu. In an sallame shi gidana zai dawo, ƙaramin ɗakin nan na kusa da falo. Wannan an gama magana. Abin da kowa ya ƙi taɓowa shi ne waɗannan da suka kewaye ni, bango uku, daga ƙasa har silin, duk littattafai.

Yaya ya bugo daga can inda yake aiki. “Ke ce ma'aikaciyar laburare,” in ji shi, “ke kika san kan abin. Ki yi yadda kika ga ya dace.” Yaya kenan, daga nesa yake tuƙa mota.

Ni dai na daɗe ina aikin jera littattafai, ban taɓa ganin hargitsi irin na Baba ba. Ga sharhi a kan wani tsohon mai falsafa da ya mutu tun kafin a san takarda, manne da shi ga littafin yadda jam'iyya take cinye 'ya'yanta. Dogo kusa da gajere, tsoho kusa da sabo, ba tsari ba lamba. Tun ina budurwa hannuna yake ƙaiƙayi a kan kantocin nan. Allah ya yafe min, yau da na buɗe ƙofar, ƙaiƙayin ne ya riga hawayen zuwa.

Talata, bayan azahar

Na sa masa tabarau. Ya kalle ni da kyau, ya gane ni, ya yi ƙoƙarin murmushi, ɓangare ɗaya ya bi shi ɗaya ya ƙi. Likita ya faɗa min sunan abin tun ranar farko. Ba zan rubuta ba.

Maganarsa tana fita da nauyi, sai ka kasa kunne. Ya tambayi 'yan biyuna, ya tambayi babansu, mijina. Sannan ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya.

“Littattafan?”

“Suna nan, Baba. Ba wanda ya taɓa.”

Gaskiya na faɗa. Yau dai gaskiya ce.

Laraba, da yamma

Baban 'yan biyu ya shiga ƙaramin ɗakin da tef ɗinsa na awo, yana aunawa yana tsaki. Gadon asibiti zai cinye bango ɗaya. Taga ta cinye ɗaya. Ƙofa da wurin da keken Baba zai juya sun cinye na uku. Saura bango ɗaya, kanta ɗaya.

Na ce a sa wata a falo. Ya ce, “A ina, a kan talabijin?” Na ce a ɗakinmu. Ya ce sai dai mu kwana a tsaye. Na ce to sito fa? Ya ja ni har siton ya nuna min kwalin takardun makarantarsa da gara ta mayar gari. Na ja ƙofar siton na rufe.

“Madam Lamba,” ya ce, “ni aikin wuta na iya, amma na san ba a zuba tulu a cikin kofi.”

Madam Lamba yake ce min saboda har gwangwanayen kicin na manna wa lamba. Kullum dariya nake yi in ya faɗa. Yau haushi ya ba ni, na ce masa ba ubansa ba ne shi ya sa. Nan take na yi da na sani, don mutumin nan shi ya ɗauko Baba a kafaɗa daga hawa na uku. Ya naɗe tef ɗinsa ya fita.

Alhamis, bayan la'asar

Na roƙi shugabarmu ta wurin aiki ko za su karɓi wasu. Ta nuna min kwalaye jibge a lungu, duk kyauta ce ta iyalan malamai, ruwa ya taɓa wasu. Ta ce in ina son littattafan mahaifina da alheri kar in kawo su nan. Amma ta san wata sabuwar kwaleji a wani gari, kantocinsu wayam, suna neman sashe guda cikakke, ba tsince-tsince ba.

Daga nan na wuce gidan Baba na fara saukewa.

Abin da zan rubuta yanzu ba zan faɗa wa kowa ba. Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi. Na ɗaure ɗankwali, na kunna fanka, na dinga zare su ɗaya bayan ɗaya: kai falsafa ne, nan, kai siyasa ne, can. Masu tambayar mene ne adalci, mene ne rai, yaya mutum zai rayu bai ji kunyar kansa ba, na tara su a gindin taga. Masu bayanin yadda ake kama mulki, yadda ake riƙe shi, yadda taron jama'a yake juyawa ya ci mai shi, na tara su a bakin ƙofa. Har waƙa na kama kaina ina yi. Ubana yana kwance ana juya shi kamar jariri, ni ina waƙa a ɗakinsa.

Kafin magariba kantocin sun zama fayau. Tsibi biyu, kusan kai ɗaya. Kantar gidana za ta ɗauki tsibi ɗaya, ba ƙari.

Juma'a, da safe

Ya sake tambaya. Na ce suna nan.

Asabar, da azahar

Na so in ji ta bakinsa ba tare da ya gane ba. Na bari sai da nas ta gama ba shi magani, na yi kamar hira.

“Baba, wai a ce jirgin ruwa zai nutse da kai, an ce ka ɗauki kwali ɗaya. Tsoffin nan masu falsafa za ka ɗauka, ko masu rubutun siyasa?”

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, irin kallon da yake wa ɗalibin da bai yi karatu ba.

“Wa... ya aiko ki?”

Na ce 'yan biyu ne aka ba su a makaranta. 'Yan biyun da ko haɗa baƙi ba su gama iyawa ba! Ƙarya dai ba ta da kunya.

Ya yi wata 'yar dariya da ta sa shi tari. Da ya lafa ya ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, “Wanne takalmi... za ki bar min? Na dama... ko na hagu?”

Na yi dariya na ce Baba ba ka rabo da zolaya. Na gyara masa filo, na kawo maganar ruwan sama.

Da na fito na kira Yaya. Ya ce, “Ki ɗebi rabi nan rabi can mana, mene ne abin wahala?” Na ce masa wannan ba tarin littattafai ba ne, gwanjo ne. Sashe cikakke ya fi guntu-guntu, kowane ɗan koyo a laburare ya san haka. Ya ce, “To ai shi ya sa na ce ke kika sani.” Na kashe wayata.

Litinin, da hantsi

Na yanke. Falsafa za ta zauna, siyasa za ta tafi.

Ga dalilina, kuma dalili ne mai kyau. Siyasa ce take tayar masa da hawan jini. Mutumin da yake faɗa da rediyo, yana nuna ta da yatsa yana ce mata maƙaryaciya. Ranar nan ma rediyon a kunne take lokacin da maƙwabciyarsa ta hawa na biyu ta ji ƙarar faɗuwar. Tsoffin nan kuwa ba ruwansu, maganar haƙuri suke yi da kame kai da yadda mai hankali yake karɓar abin da ya same shi. Wanda yake kwance su yake bukata. Likita ma da zan tambaye shi haka zai ce.

Dalili ne mai kyau. Na maimaita wa baban 'yan biyu sau biyu, ya ce, “Ni ban musa ba, ke kike ta maimaitawa.”

Laraba, da rana tsaka

Motar kwalejin ta zo. Masu lodi suna jefa wa juna kwalaye a matattakala kamar buhunan gawayi, ina bin su ina “a hankali, don Allah a hankali.” Wani kwali ya fashe a hawa na biyu, wani littafi mai jan bango ya zame har ƙafar maƙwabciyar Baba. Ta ɗauka ta kaɗe shi da gefen mayafinta.

“Farfesa ya sani kuwa?”

“Shi ya ce a bayar,” na ce.

Ta ce, “Ikon Allah. Farfesa da kansa?” Ta miƙo min, na miƙa wa mai lodi.

Da motar ta sha kwana na tsaya a bakin titi kamar wadda ta raka amarya. Ban yi kuka ba. Yunwa ma na ji, na sayi burodi na ci a tsaye.

Alhamis, da yamma

Kafinta ya kafa kantar. Na jera su yadda ya kamata a jera littafi: na farkon zamani a sama, masu sharhi a kansu a ƙasa, kowa da danginsa. Na goge bangon kowanne da tsumma. Ban manna lamba ba, na dai daure. Ɗakin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, har 'yan biyu suna leƙowa suna cewa ɗakin Kaka ya zama ofis.

Na je asibiti da ƙwarin gwiwata. Ya tambaya. Na ce, “Suna nan, Baba, har na goge musu ƙura.” Ya ɗaga yatsa. “Kar... ki taɓa.” Na ce to.

Asabar, bayan la'asar

Na shiga uku.

Ƙarin Bayani ya zo. Tsohon ɗalibin Baba ne, shi ya gaji darasinsa a jami'a, yanzu har furfura ta fara masa. Baba ne ya sa masa sunan, don ba a taɓa tashi daga aji bai ɗaga hannu ya ce “Malam, ƙarin bayani” ba. Daga asibiti ya biyo ya gaishe mu, da ledar lemo a hannu. Ni da rawar kaina na ce, “Dakta, zo ka ga ɗakin malaminka.”

Ya tsaya a gaban kantar. Ya daɗe. Ya zaro wani mai koren bango, ya duba damansa, ya duba hagunsa.

“Auta, ina abokin faɗansa?”

Na ce wane abokin faɗa?

“Wannan ai shi ne mai cewa a ba masu ilimi mulki, su kaɗai suka san alherin jama'a. Kullum kusa da shi akwai wani mai jan bango, wanda ya bi tarihin ƙasashen da aka gwada hakan, ya ƙirga kaburbura. Malam ba ya ba ka wannan sai da wancan.”

Mai jan bango. Wanda na miƙa wa mai lodi da hannuna.

Ya zaro wani. “Wannan mai cewa mutum da alheri aka halicce shi. Ina na kusa da shi, mai cewa in ba bulala mutane cinye juna za su yi?” Ya juyo ya kalle ni. “Sauran suna wani ɗakin ne?”

Na faɗa masa. A tsaye na faɗa masa, ina murza bakin zanena kamar 'yar firamare.

Ya zauna a bakin gadon da ba a shimfiɗa ba. Bai yi faɗa ba, ina ma ya yi. Ya ce Baba bai taɓa ajiye littafi shi kaɗai ba, dambe yake haɗa su. Duk wanda ya shigo gidan sai ya yi makonni a kan tebur kafin Baba ya samo masa wanda zai ƙaryata shi, sannan ya sa su kafaɗa da kafaɗa. Wani ya shekara yana jiran abokin faɗa. Ya ce a aji Baba yakan ce wanda ya karanta tsoffin nan su kaɗai zai ɗauka duniya aji ce, wanda ya karanta 'yan siyasa su kaɗai zai ɗauka kasuwar shanu ce. Ya ce in Baba zai yi karatu na gaske, ɗaya a hannun dama ne ɗaya a hannun hagu.

Da ya ambaci hannun hagu, wanda Baba ba ya iya motsawa yanzu, muka kawar da kai mu duka.

Na ce, “To ba a rubuce yake a wani wuri ba? Wane da wane?”

“Kantar ce rubutun,” ya ce. “Ni zan iya tuna kaɗan. Sauran suna kan Malam.”

Abin da na kira hargitsi kenan. Aikin rayuwar mutum, na wargaza shi a yini ɗaya ina waƙa. Garin neman gira na rasa ido.

Da zai tafi ya ce in yi haƙuri, da kyakkyawar niyya na yi. Ya manta ledar lemonsa ma a hannunsa, sai da ya kai ƙofar gida ya dawo ya ajiye.

Lahadi, da safe

Na buɗe mai koren bangon. A gefen shafi akwai 'yar kibiya da fensir, tana nuna dama, a ƙasanta da rubutun Baba: “Maƙwabcinka ya ba ka amsa.” Na buɗe wani, kibiya. Wani, kibiya. Duk suna nuna dama, a daman kuwa yanzu ɗan'uwansu ne mai gyaɗa musu kai.

Ban je asibiti ba. Na aika baban 'yan biyu, na ce ya ce kaina ke ciwo.

Lahadi, da yamma

Takalmin dama ko na hagu. Ya faɗa min. Da bakinsa da ba ya fita ya faɗa min, na ce zolaya ce.

Talata, bayan magariba

Na ɗauki hutu na shiga motar haya zuwa kwalejin. Tafiya ce mai nisa, kujerar baya, kusa da mai kaji. Duk hanya ina tsara magana: kuskure aka yi, a ba ni ko rabinsu, zan kawo wasu a madadinsu.

Mai kula da laburaren yarinya ce sabuwar gama makaranta, mai fara'a, kamar ni farkon fara aikina. Da ta ji ni 'yar Farfesa ce ta rungume ni. Ta ja ni ta nuna min. Sun riga sun buga wa kowanne hatimi, sun manna lamba, sun shigar da su cikin kayan kwaleji. Har allo suka kafa a saman kantocin da sunan Baba. Ɗalibai uku suna zaune suna karatu, ɗaya ya dafe kai da hannu biyu a kan mai jan bangon.

“Kwana muka yi muna aiki, Anti,” in ji ta. “Kuma duk rubutun fensir ɗin nan da ke ciki mun goge shi tsaf. Ƙullin roba guda muka ƙarar.”

Na ce, “Kun goge?”

“Ai haka aka koya mana. Littafin laburare ba ya zama da rubutun wani.”

Haka aka koya musu. Ni ma haka nake koya wa duk ɗan koyon da aka turo min, har da buga tebur.

Na dai daure na faɗi abin da ya kawo ni. Fuskarta ta canja, ta kai ni wurin shugaban kwalejin. Ya ba ni ruwa mai sanyi, ya yabi Baba, ya ce abin da ya shiga rajista ba ya fita sai hukumar gudanarwa ta zauna, ita kuwa sai sabuwar shekara. Na ce ko ɗaya, aro, mai jan bangon nan kawai. Ya ce aro na ɗalibai ne da malamai masu kati. Ya raka ni har bakin ƙofa yana cewa a gaida Farfesa, a ce masa ya yi sadaka mai gudana.

Na dawo hannu rabbana. Mai kajin ma da shi muka dawo, shi ya sayar da nasa.

Laraba, da azahar

Likita ya tare ni a baranda kafin in shiga. Ya ce ranar Lahadi an ƙara samun wani, ƙarami, ba irin na farko ba. Ranar Lahadi. Ya yi bayani mai tsawo yana nuna kansa da biro, ya ce jiki yana samun sauƙi, amma akwai abubuwan da sai a hankali za mu lura. Ya ce a guji duk abin da zai tayar masa da hankali. Na ce to.

Na tarar da Baba a zaune an jingina shi. Ya ci abinci sosai. Da na shigo ya ce, “Sannu, Malama,” irin yadda yake ce wa nas, sannan ya ƙura min ido ya ce, “Auta.” Na yanka masa lemo. Mun yi hirar zafi.

Bai tambayi littattafan ba.

Na fito ina jin sanyi a raina, kamar wadda aka yafe wa bashi. Sai da na kai bakin titi na tambayi kaina wace irin 'ya ce ni.

Alhamis, da yamma

Yau ma bai tambaya ba.

Baban 'yan biyu ya same ni a kicin ina ɓare lambobin gwangwanaye da farce. Ya karɓe gwangwanin ya ajiye.

“Ki faɗa masa kawai,” ya ce. “Zai yi faɗa, ya kwana biyu ba ya kula ki, ya huce. Uba ne.”

Na ce ba ka san faɗan Baba ba. Baba ba ya ɗaga murya. Tambaya yake yi. “Me ya sa?” Ka ba da amsa. “To me ya sa kika ga hakan dalili ne?” Ka ba da wata. Haka zai yi ta binka a hankali, yana goge tabarau, har ka kama kanka da hannunka ka miƙa masa. Ranar da na ɗora kofi a kan wani ƙamus ɗinsa ina yarinya, sai da na gwammace duka.

Ya ce, “To ki shirya amsoshinki.”

Ina shiryawa. Ɗakin ƙarami ne. Gara. Hawan jini. Ban sani ba. Zai ce, “Da ba ki sani ba, wa kika tambaya?” Zan ce kai. Zai ce, “Me na ce?” Nan ne ba ni da ta cewa. Na yarda, zan tsaya ya gama da ni. Na ma ƙosa.

Juma'a, da hantsi

Na miƙa makulli a ofishin gidaje. Na wanke kofin kafin in fito.

Asabar, bayan la'asar

Baba ya dawo.

Keken ya juya a ɗakin lafiya lau, baban 'yan biyu har da kallona yana ɗaga gira. 'Yan biyu sun yi ta tsalle. Yaya ya bugo aka kara wa Baba waya a kunne, yana ta “to, to.” Ni ina bakin ƙofa, ina jira.

Aka juya shi ya fuskanci kantar. Na sa masa tabarau da hannuna. Ya kalle ta daga sama har ƙasa, a hankali, layi-layi. Na ce yanzu ne. Na ma buɗe baki.

“An jera... da kyau,” ya ce.

Sannan ya ce yana son ya kwanta.

Baban 'yan biyu ya ce gajiyar hanya ce, in bari sai gobe.

Lahadi, da hantsi

Na kai yara gidan maƙwabta, na rufe ƙofa, na durƙusa a gaban kekensa. Na faɗa masa duka. Yadda na sauke su na raba tsibi biyu. Yadda na yi ta ce masa ba wanda ya taɓa. Motar kwaleji, da abin da na ce wa maƙwabciyarsa. Mai jan bango. Roba. Har waƙar da na yi ban ɓoye ba. Ban kawo maganar gara ko hawan jini ba, amsoshin da na shirya duk na bar su, ina jira ya tambaya.

Ya saurare ni sosai, kansa a karkace, idonsa a kaina. Da na gama ya zare tabarau. Na ce ga ta nan, zai goge. Na sunkuyar da kai.

Ya ajiye shi a cinya. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina.

“Ba komai,” ya ce. “Daina kuka. Allah... ya yi miki albarka.”

Na ce, “Baba, ka ji abin da na ce kuwa? Rabinsu na bayar. Na raba su da abokan faɗansu.”

“Kin kyauta,” ya ce. Ya juya ya kalli kantar, ya daɗe yana kallo, da irin ladabin baƙo a gidan mutane. Sannan ya nuna ta da haɓa.

“Waɗannan ɗin... na mijinki ne?”

Lahadi, bayan magariba

Baban 'yan biyu ya tambaye ni yadda muka yi. Na ce ya yafe. Ya ce, “Ba na faɗa miki ba?”

Ya Allah, ka sa gobe ya tashi ya tambaye ni me ya sa.